Wane ƙamshi ne yake mayar da ku gida?

'Yar Mandawari:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya biyu gare ni, ɗaya ta hira ce, ɗayar kuma taimako nake nema da gaske.

Ranar Asabar da ta wuce na shiga Kasuwar Kurmi sayen kayan ƙamshi, da yake bikin ƙanwar maigidana ya matso. Ina cikin lungun 'yan turare sai wani dattijo ya buɗe wata 'yar kwalba yana nuna wa wata mata, iska ta kwaso ƙamshin ta kawo min. Wallahi tsayawa na yi cak a tsakiyar hanya. Mai baro yana ta cewa "Hajiya hanya, Hajiya hanya," ina jin sa amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Bintu Sudan ne. Rabona da shi tun 2020, shekarar da kakata ta rasu.

Iya muke ce mata, ita ta haifi babanmu. Wajenta aka kai ni yaye, daga nan ta ce ba inda za ni, kuma a ɗakinta na zauna har aka zo aka ɗauke ni zuwa gidan miji. Gidan ƙasa ne a Mandawari, zaure biyu kafin ka shiga tsakar gida. Ɗakinta rufin azara ne, da gado mai rumfa, da jeren kwalla da tasoshi har kusa da rufi. A ƙarƙashin gadon akwai wata adaka ta ƙarfe, koriya, fentin duk ya ɗaɗɗaye a gefe. Mukullinta yana ɗaure a bakin zanen Iya dare da rana.

Ba kasafai take buɗe ta ba. Amma daren Sallah, bayan an gama kitso an ƙunsa mana lalle, sai ta ce, "Jawo min adakar nan." Ni da 'yar gwaggona mu durƙusa mu jawo, tana ƙara a kan daɓe. Da ta ɗaga murfin, ƙamshin nan yake fara fitowa kafin ka ga komai. Zannuwan saƙi ne a ciki, baƙi da fari, da atamfofin da tun na aurenta ne wasu, da gyalen da ta dawo da shi daga Makka. Can ƙasa kuma akwai farin yadi a naɗe. Shi ne likkafaninta, ta wanke shi da zamzam a can ta shanya ta taho da shi. Duk shekara sai ta fito da shi ta warware ta kaɗe, ta ɗiga masa turare ta mayar, tana cewa, "Ku gan shi nan, kada ranar ta zo ku tsaya nema." Mu a lokacin tsoro yake ba mu. Ita kuwa ko a jikinta, hannu ɗaya tana ninke shi, baki yana ba mu labarin wadda za ta fara kawo mata tuwon Sallah.

Washegarin Sallah da yamma, a cikin zanen da ta ciro daga adakar nan take riƙe hannuna mu tafi Kofar Kudu kallon Hawan Daushe, zamanin Sarki Ado Bayero. Idan 'yan bindiga suka saki wuta na firgita, sai in cusa fuskata a jikinta. Ga hayaƙin albarushi, ga ƙurar dawakai, amma a cikin zanen nan ƙamshin adaka ne kawai. Har yau idan na ji tsoro, shi hancina yake nema.

Ta rasu a watan Afrilu na 2020, cikin dokar kulle, lokacin nan da dattawan Kano suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ina Rijiyar Zaki, da tsohon ciki, ba abin hawa. Kafin in samu hanyar shiga gari an riga an kai ta maƙabartar Dandolo. An ce min da likkafanin nata aka yi mata sutura, kamar yadda ta so. Ban ga fuskarta ba.

Da aka zo rabon kaya na ce ba na son kwalla ba na son tasa, a ba ni zane ɗaya. Aka ba ni baƙin saƙi. Na ƙulle shi a leda biyu na ɓoye a ƙasan akwatina, sai kewa ta ishe ni nake kwancewa in sansana in mayar da sauri. Bara ina asibiti jinyar ƙaramin ɗana, babbar 'yata ta ce bari ta gyara min ɗaki kafin in dawo. Ta ga tsohon zane a leda, ta haɗa shi da wanki, ta wanke shi tas da garin sabulu, har da guga. Ta zo tana murna tana nuna min. Ban yi mata faɗa ba, alheri ta yi niyya. Banɗaki na shiga na rufe ƙofa na yi kukan da ban samu yi ba ranar rasuwar.

To ranar Asabar ɗin nan na sayi Bintu Sudan da kafur, na zo na sa wa zanen, na turara shi da turaren wuta. Ya yi ƙamshi, amma ba na Iya ba ne. Akwai wani abu da yake ƙasan ƙamshin nata, mai nauyi, kamar saiwar da aka tono daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ɗan yaji-yaji kaɗan. Na tuna tana da wasu 'yan ƙulle-ƙulle a tsumma a kusurwar adakar, amma yarinta ta hana ni tambaya. Don Allah masu haɗa turare da waɗanda suka tashi a hannun tsofaffi, mene ne wannan?

Ta biyun kuma, ku wane ƙamshi ne yake mayar da ku gida? Ina so in ji, ko zuciyata ta yi sanyi.

Baban Ilham:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Iya, ya sa Aljanna ce makomarta. Maganar turare ban san komai a kai ba, sai mata sun zo. Amma tambaya ta biyu ta same ni a inda nake ciwo.

Ni ɗan Fagge ne, shekarata 11 ina harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12 a Legas. A can ruwa ba ya yankewa, kusan kullum ƙasa a jiƙe take, don haka idan an yi ruwa ba abin da kake ji sai kwata. Ruwan farko na Kano nake kewa. Kun san zafin Maris da Afrilu, ya wuce digiri 40, kowa ya fito da tabarma tsakar gida, an yayyafa wa daɓe ruwa amma kafin ka kwanta ya bushe. Sai wani dare cikin barci ka ji iska ta sauya, ta yi sanyi, hadari ya haɗo daga gabas. Umma ta fara tashin mu, "Ku kwashe tabarmi, ku rufe tukunya, a shigo da shanya!" Guguwa ta fara zuwa da ƙura tana shiga baki. Sai ɗigo na farko, manya-manya, ɗai-ɗai, ya sauka a kan katangar ƙasar da ta yi wata shida ko bakwai ba ta ga ruwa ba. Wannan ƙamshin! Ji kake kamar ka ɓantari katanga ka ci. Yayarmu lokacin da take da ciki sai da ta lasa, na gani da idona.

Ba ma taren ruwan farko na sha, Umma takan ce a bari ya wanke rufi tukuna, sai na biyu ake jera bokitai a ƙarƙashin indararo. Kafin damina ta kankama kuma Baba yakan kira magini a yi wa soro yaɓe, a jiƙa makuba ta kwana a zuba a cikin ƙasar. Duk lungu sai ya ɗauki warinta, mai ɗan tsami haka. Yanzu an rushe namu an yi na bulo, an shafe tsakar gida da siminti. Bara na daidaita zuwana gida da farkon damina musamman don wannan, ruwa ya sauko ina gidan, amma sai da na fita na taka har bakin ganuwa kafin na ji shi sosai. Na tsaya a cikin yayyafi har rigata ta jiƙe, 'yan adaidaita suna ta yi min hon.

Maman Yagana:

'Yar uwa, sannu. Na karanta ina share hawaye, kuma tun kafin ki gama bayani na gane abin da kike nema. Kajiji ne. Saiwar wata ciyawa ce da take fitowa a bakin ruwa, 'yan ƙwayoyi baƙi-baƙi masu tauri. Tsofaffinmu ba sa ajiye tufafi ba shi. Su daka shi sama-sama su ƙulle a tsumma su cusa a kusurwar akwati, kamar dai yadda kika gani. Shi ne mai nauyin nan irin na ƙasa, yaji-yajin kuma ina zaton kanumfari ne ta haɗa da shi, don haka kakata ma take yi.

Ni 'yar Maiduguri ce, 2014 muka dawo Kano da rikici ya yi tsanani, muna Hotoro yanzu, kuma turaren wuta da humra ne sana'ata, gadonta na yi. Ga yadda za ki yi. Ki koma Kurmi wajen masu kayan haɗi ki ce kajiji kike so. Kada ki karɓi dakakke, ba ki san me aka cuɗa a ciki ba. Ki karɓi ƙwaya, ki fasa ɗaya a wurin ki sansana, idan ba ta bugi hancinki ba tsohon ajiya ne, ki wuce gaba. Ki wanke ki shanya a inuwa ya bushe sarai, ki daka kada ya yi laushi, ki sa kanumfari kamar ƙwaya bakwai. Ki ɗiga Bintu Sudan a kan garin, ba a kan zanen ba. Shi mai ne zalla, ba irin na fesawa ba ne da yake tashi nan da nan, shi ya sa yake kama tufafi ya zauna. Zanen kuma ki kifa shi a kan kabbasa, garwashi kaɗan a kasko, da turaren itace irin na da, sandal ko hawi da aka soya da sukari, ba na zamani mai madarar turare kala goma ba. Idan ya sha hayaƙi ki ninke da ƙullin a ciki, kafur ɗaya tak a gefe, ki rufe a akwatin ƙarfe. Leda ba ta yi, gumi take sa shi.

Sai kuma haƙuri. Turare tsumuwa yake yi. Ko humra idan na haɗa da farcen turare, ba na sayar da ita sai ta kwana arba'in. Na Iya shekaru ya yi yana shiga zaren nan, kada ki buɗe gobe ki ce bai yi ba.

Nawa ƙamshin kuwa za ki yi mamaki, duk da a cikin turare nake wuni. Bandar kifi ne. Babanmu dillalin kifi ne a kasuwar da ke hanyar Baga, idan ya dawo da yamma rigarsa da hularsa duk hayaƙin banda. Mamanmu ta yi ta fama da kasko a bayansa, ba ya fita. Bai zo Kano da mu ba, ya ce shi ba zai bar gidansa ba, a can ya rasu bayan shekara biyu. Idan na sayi bandar kifi yanzu, kwalin da aka zubo shi a ciki nake fara ɗauka kafin in taɓa kifin.

Dattijon Dala:

'Yata, Allah ya gafarta wa kakarki da iyayenmu baki ɗaya. Jikana ne yake rubuta min wannan, ni ina faɗa. Shekarata 71.

Abin da Maman Yagana ta ce ya ba ni ƙarfin faɗin nawa, don nawa a wajen mutane wari ne. Mahaifina majemi ne, a Majema na tashi. Duk wanda ya taɓa bi ta wajen ya san sai ya toshe hanci. Ana jiƙa fata a ruwan toka har gashin ya saki, a shimfiɗa a kankare, a sake jiƙawa, sannan a sa ta a ruwan bagaruwa. Dakan bagaruwar nan shi ne aikina na farko a duniya, ina ɗan shekara bakwai, taɓarya ta fi ni tsawo. Idan fata ta jemu a shafe ta da mai, mai son ja a rina masa da karan dafi. To a nan ne warin yake komawa ƙamshi. Sabuwar jar fatar akuya, an ninke an jera za a kai Kurmi, babu turaren da ya kai ta a wajena. Kurmin da kika shiga ranar Asabar tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma irin wannan fatar ce ayari yake ɗauka ya keta sahara da ita, Turawa su saya a hannun Larabawa suna ce mata fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito.

Da aka sa ni a firamare yara suka ƙi zama benci ɗaya da ni, suna cewa ina warin jima. Na dawo gida na ce da mahaifina ba zan ƙara taɓa fata ba. Bai ce min komai ba. Da asuba sai ya tashe ni, ya ɗebo ruwa da kansa ya cuɗa ni da sabulun salo, ya ɗauko kwalbar turarensa ta Juma'a ya shafa min a wuya, ya ce, "Tafi makaranta." Shi kuma ya koma bakin kwatarniya. Haka ya yi min kullum har na gama aji bakwai. Turaren nan irin na kakarki ne. Ya girme mu duka, tun 1920 wani kamfani na Ingila ya fara haɗa shi, daga baya aka koma yin sa a nan Kano. Na yi aikin gwamnati shekara 35 na yi ritaya, ban gaji sana'ar ba, kuma wannan yana damuna har yau. Duk bayan Babbar Sallah, lokacin da fatun layya suka taru, nakan sa a kai ni Majema in zauna a kan benci. Yaran wajen suna zaton fata na zo saya.

Game da kukan da kika yi a kan zane, kada wani ya ce miki rashin tawakkali ne. Ki buɗe Suratu Yusuf, aya ta 94. Ayari yana barin Masar da rigar Annabi Yusuf, mahaifinsa Annabi Yaƙub yana can nesa ya ce shi yana jin ƙamshin Yusufu, na kusa da shi suka ce har yanzu yana cikin tsohon ruɗunsa. Da aka jefa masa rigar a fuska ganinsa ya dawo. Duk sanda ƙamshin ya zo miki, ki bi shi da addu'a, ita ce za ta isa inda take.

Ummu Sadik:

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Abin da ya tsayar da ke a Kurmi yana da dalili a halittar ɗan Adam: saƙon ƙamshi daga hanci yana isa kusan kai tsaye ga sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe tuna baya da motsin zuciya, shi ya sa yake riga tunani isowa. Ban san darajarsa ba sai a azumin 2020, da cutar korona ta kama ni, hancina ya daina jin komai wajen wata biyu. Ana suyar ƙosai a gabana kamar ana tafasa ruwa. Jaririna ma in rungume shi ba na jin ƙamshin kansa, wannan ya fi komai yi min ciwo. Ranar da ya dawo, maƙwabciyata ce take soya man shanu da albasa za ta zuba a miyar kuka. Ina shanya a tsakar gida na ji shi, siriri, ta saman katanga. Na saki kayan na shiga gidanta ko mayafi ban ɗauka ba, na tsuguna a bakin murhu. Ta zubo min ɗumamen tuwon dawa, muka ci tare.

'Yar Mandawari:

Jama'a ku yi haƙuri da shiruna, jira nake in ga abin da zai faru kafin in dawo. Baba Dattijo, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na karanta ayar, na kuma karanta wa 'yata, don tun ranar wankin nan take jin nauyina. Baban Ilham, Ummu Sadik, na gode ƙwarai.

Maman Yagana, kajiji ne! Ina fasa ƙwayar farko a gaban mai kayan na ji idona ya cika. Na yi duk yadda kika ce, na samo akwatin ƙarfe a Kofar Wambai, na rufe. Arba'in ɗin ce ban iya cikawa ba, a kwana na 23 na buɗe. Ya zo kusa sosai, har gabana ya faɗi. Amma da saura kaɗan, na rasa mene ne.

Ranar Juma'a sai ga Gwaggo ta zo duba mu, ita ce autar Iya. Ban gaya mata komai ba, na ɗauko zanen na miƙa mata. Ta kai hanci, ta rufe ido, ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta ce, "Ina kika samo Iya?" Na ce mata haɗawa na yi, amma akwai abin da ya rage. Ta sake sansanawa ta ce, "Goro. Kin manta kullum da goro a ƙulle a bakin zanenta, kusa da mukulli? Da fure da take goga wa haƙoranta?" Ta buɗe jakarta ta ciro farin goro ta ɓare, ta ƙulle ɓari ɗaya a bakin zanen da irin ƙullin Iya, sau biyu, ta ja da haƙori. Muka zauna ni da ita da 'yata muna miƙa wa juna har aka kira la'asar.

Da za ta tafi ta ce in ara mata shi ta kwana da shi dare ɗaya. Yau kwana shida bai dawo ba, kuma jiya yaro ya zo da zannuwa uku a leda daga wajen sauran gwaggonnina, kowacce da nata na rabon gado. Maman Yagana, kajijin da ya rage min bai fi cikin tafin hannu ba. Zai ishi zane uku, ko in koma Kurmi?